Yadda Ake Fitar da Tufafi da Kayan Gida Sadaka

Da wuya a sami gidan da ya kwana biyu da kafuwa a garuruwanmu wanda babu akwati ko sif cike da kayan da aka daina sawa. Ankon bikin da aka ɗaura rana ɗaya, atamfar da ta matse bayan haihuwa, kayan Sallar yara da suka yi musu kaɗan, shaddar da maigida ya daina ɗauka tun da ya ɗinka sabuwa. A ƙarƙashin gado kuma ga kuloli da samiru na kayan ɗaki waɗanda ba a taɓa zuba musu abinci ba. Suna nan suna cin wuri, kyankyasai da ɓeraye suna shawagi a cikinsu, alhali a bayan katangar gidan akwai wanda ke wanke rigarsa da dare ya jira ta bushe kafin ya fita da safe.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, sutura ta fi ƙarfin talaka. Gwanjon Ƙofar Wambai da a da shi ne mafakar mai ƙaramin ƙarfi a Kano, yanzu sai mutum ya yi lissafi kafin ya durƙusa ya fara zaɓe. Turmin atamfa a Kantin Kwari kuwa ba a magana. Don haka zanin da uwargida ta gaji da ganinsa yana iya zama na fita unguwa a wurin wata.

Sai dai tsakanin niyyar bayarwa da kayan su amfani wani akwai aiki, kuma wannan aikin ne yawancinmu muke tsallakewa. A buɗe sif, a kwaso duk abin da ido ya gaji da shi, a danna a buhu, a ba direba ko yaron gida ya kai gidan marayu. Masu karɓar irin waɗannan buhuna sun san abin da ke fitowa daga ciki: takalmi wari ɗaya, riga babu zaninta, wandon da zif ɗinsa ya mutu, hijabin da manja ya ɓata, wani lokaci har da kayan da ba a wanke ba suna tashin warin ajiya. Ma'aikaciyar da ya kamata a ce tana kula da yara sai ta ɓata yini guda tana tsince-tsince, kuma da yawa daga cikin kayan a ƙarshe bola za a kai su ko a cinna musu wuta. Wanda ya aiko yana can yana jin ya yi sadaka, alhali wahala ya ƙara wa mutanen da suke fama da tasu. Malamai kan kafa hujja da aya ta 267 ta Suratul Baƙara wajen hana mutum ya ware lalataccen abu ya ce shi ne na Allah. Ma'aunin da nake ba uwargida shawarar ta riƙe shi ne wannan: da a ce ƙanwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya ta shiga wani hali, za ki iya miƙa mata wannan rigar ba tare da kin sunkuyar da kai ba? In za ki iya, ta cancanci shiga buhu.

Kafin a taɓa komai, a fara tantance na wane ne. Wannan magana tana da nauyi musamman a gidan da aka yi rasuwa. Al'adarmu ce bayan sadakar uku ko ta bakwai a buɗe ɗakin mamaci a fara rabon tufafinsa, wannan ya ɗauki babbar riga, wancan ya ɗauki hula, sauran a ce a kai masallaci don ladan ya isar masa. Niyyar mai kyau ce, amma duk abin da mamaci ya bari, har butarsa da takalminsa, gado ne. Sai an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa, abin da ya rage hakkin magada ne. Baligi mai hankali yana iya cewa ya yafe rabonsa a yi sadaka da shi. Yaro ƙarami kuwa babu mai ikon yafewa a madadinsa, ko da mahaifiyarsa ce. Idan akwai marayu ƙanana cikin magada, a kira malamin da ya san rabon gado, a yi wa kayan kuɗi, a fitar musu da nasu, sannan manya su yi abin da suka ga dama da rabonsu. Abin takaici ne a ɗauki hakkin marayan gida a kai wa marayan waje.

Haka nan kai maigida, kayan ɗakin matarka nata ne. Gadon da iyayenta suka yi mata, kujeru, kwanuka, labule, ko sun tsufa ko sun tare maka hanya, ba ka da ikon kyautar da su sai da yardarta. Ke ma uwargida kada ki kwashe rigunan maigida don kin ga ya daina sawa, ki tambaye shi. Yara kuwa a sa su cikin aikin. Yaron da ya zaɓo rigarsa da hannunsa ya ninke ya san inda za ta, ya koyi abin da wa'azi ba zai koya masa ba. Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a taƙaice: tsofaffin kayan gida sadaka ce ta ganin dama, ba sa ɗauke wa mai dukiya zakkar da ta wajaba a kansa.

Abu na gaba shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin duka: a tambaya kafin a ɗauka. A san wa za a ba, a san me yake bukata.

A fara da na kusa. 'Yar aikin gida, mai gadi, mai wanki da guga, almajirin da ke yi miki aike, bazawarar da ke maƙwabtaka da yara biyar, dangin da ke ƙauye. Waɗannan kin san girman jikinsu, kin san yawan 'ya'yansu, ba ki bukatar kuɗin mota. Sau da yawa mai tsananin bukata shi ne wanda ba zai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya isa, ko matar da mijinta ya kwanta ciwo. Irin waɗannan limamin unguwa ya san su, mai unguwa ya san su, malamar Islamiyya da ungozoma sun fi kowa saninsu domin suna shiga gidaje. A coci kuma shugabannin zumuntar mata suna da wannan sanin. Ta hannun irin waɗannan mutane kaya kan isa inda ya dace cikin sirri.

Idan kayan sun fi ƙarfin unguwa, sai a nufi gidaje da ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Kowane wuri da irin bukatarsa. Gidan yara irin na Nassarawa a Kano yana karɓar jarirai da ƙananan yara, don haka kayan jarirai, zannuwan gado, tawul, baho da gidan sauro sun fi yi musu amfani a kan leshin manyan mata. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci tsofaffi ne a ciki, abin da jikinsu ke so shi ne tufa mai laushi mai sauƙin sawa da cirewa, da bargo, da safa, da silifa marar santsi. Matan da ke jinyar yoyon fitsari a wurare irin su asibitin Babbar Ruga a Katsina, lalurarsu tana cin zani da sabulu ba kaɗan ba, domin kullum cikin wanki suke. Zanin atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, wanda ke kike ganin ya gama yayi, a can abin nema ne. Manyan asibitoci suna da sashen kula da jin daɗin marasa lafiya, su ne suka san majinyacin da aka kawo daga hatsarin mota babu ɗan'uwa babu rigar sauyi, da mai jegon da ta haihu babu zanin goyo. Gidajen gyaran hali ma a tuna da su. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, wasu sun daɗe babu mai leƙa su. Amma can ba a kai kaya kai tsaye, sai an nemi izinin hukumar gidan an ji abin da doka ta yarda a shigar.

Sai kuma waɗanda masifa ta raba da gidajensu. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere, dubban mutane sun fito cikin dare daga su sai kayan jikinsu. Haka waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara, Katsina da Sakkwato, wasu suka fake a garuruwa, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi a Nijar. Wanda ya fito a irin wannan hali, bayan suturar da zai rufe jikinsa, abin da ya fi damunsa shi ne tukunyar da zai dafa ɗan abin da aka ba shi, bokitin ɗiban ruwa, jarka, tabarma, bargo, buta. An sha ba mace shinkafa alhali ba ta da abin dafawa. A tuna kuma cewa da yawa daga cikin 'yan gudun hijira ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi, a kangaye da makarantun da ba a gama ginawa ba, inda motar rabon kaya ba ta zuwa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da Red Cross, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985 take kuma da rassa a jihohi, duk hanyoyi ne da za a iya bi. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, a Sakkwato akwai ta Zakka da Waƙafi. Ko ba su karɓi kayan da kansu ba, za su iya nuna inda za a kai.

Tambayar ba ta da wuya. A je da ƙafa ko a buga waya a ce: “Ina da kayan yara 'yan shekara biyu zuwa shida, da zannuwa, da tukwane. Kuna bukata? Me kuka fi rasawa a yanzu? Wace rana zan kawo, wa zan nema?” Idan suka ce tufafi sun yi musu yawa, sabulu da omo suke nema, kada a ji haushi. Sun fi ki sanin ɗakin ajiyarsu.

Yanzu sai a zo kan kayan. A zaɓi rana da hantsi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake, domin tabo da huji ba sa fitowa a hasken ɗaki. A ɗaga kowace riga ɗaya bayan ɗaya a kalli rana ta cikinta. A duba hammata, nan ne ɗinki ke fara buɗewa, nan ne kuma zufa ke cin launi. A duba wuya da bakin hannu. A ja zif sama da ƙasa, a ƙirga maɓallai, a ja robar ƙugu a ga ko tana komawa. Wandon maza a duba tsakanin ƙafafu da mazugi, a tabbatar tazugensa yana ciki. Zani a buɗe shi gaba ɗaya, domin tsakiyarsa, wurin zama, shi ke fara sirancewa. Sannan a zura hannu cikin kowane aljihu. Katin ATM, takardar asibiti, hoton fasfo, rasit mai ɗauke da lambar waya, takarda mai ayar Alƙur'ani, duk suna kwana a aljihun kaftani da jakar hannu.

Daga nan kayan za su rabu da kansu. Akwai masu lafiya waɗanda wanki kawai suke jira. Akwai masu ƙaramar matsala, kuma gyaransu a kanki yake, ba a kan wanda za a ba ba. Matar da ba ta da kuɗin cefane ba za ta kai riga wurin tela a sauya mata zif ba, za ta ajiye ta ne kamar yadda kika ajiye. Ki tara su ki kai wa telan unguwa ko mai keken da ke yawo, a sa maɓalli, a kama inda ya ɓarke. Takalmi a kai wa mai gyara ya ɗinke ya goge, a ɗaure ƙafa biyun da igiya don kada su rabu a hanya. Riga da zani da ɗankwali a ninke su tare, kaftani da wandonsa. Babbar rigar da ta ƙone a gefe ɗaya tana da yadin da zai fitar wa yara biyu kaya, zanin da ya yage a baki ɗaya zai ba da rigar yarinya da majanyi. Tela mai basira zai yi wannan da kuɗi kaɗan, musamman in ya san inda kayan za su.

Waɗanda suka mutu murus kuwa kada su shiga buhu ko kaɗan. A yanka su tsumma a yi goge-goge, a ba bakanike ko mai fenti, ko a cusa a matashin kai. Fasassun robobi da tukwanen da suka huje na 'yan jari-bola ne da 'yan gwangwan, su za su saya ma.

A wanke komai, ko da an wanke kafin a ajiye, domin kayan da suka daɗe a akwati suna ɗaukar wari. Wankin nan har da kiyaye lafiya a cikinsa. A wurin da mutane suke kwana a cunkushe, makarantar allo ko sansani ko gidan yara, ƙazwa da kwarkwata da makero suna yaɗuwa da sauri, kuma tufa da zanin gado suna cikin abubuwan da ke ɗaukar su. Idan wani a gidan ya yi fama da ƙaiƙayi kwanan nan, a jiƙa kayansa a ruwan zafi sosai, a shanya a rana mai ƙarfi har su bushe ƙayau, a bi su da dutsen guga mai zafi, a dage a kan layin ɗinki domin nan kwarkwatar jiki ke saka ƙwai. Abin da ba ya wankuwa, a ɗaure shi a leda a ajiye mako guda; ƙwayar da ke kawo ƙazwa ba ta wuce 'yan kwanaki a raye idan ta rabu da fatar mutum.

Kuɗin cizo shi ne babban abin tsoro, domin yana iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da ransa. Kafin a ba da katifa, a fitar da ita rana, a cire rigarta, a bi gefen ɗinkin da yatsa ana buɗawa. In aka ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada, ko ɓawo mai ruwan ƙasa, ko ƙananan fararen ƙwai, wannan katifa ba ta sadaka ba ce. Haka za a duba mahaɗar katakon gado da ƙasan kujerun kushin. Katifa ɗaya mai kuɗin cizo ta isa ta hana ɗakin yara ashirin barci, kuma kuɗin feshin da za su kashe ya fi kuɗin katifar. Wadda fitsarin yara ya ratsa har cikin soso ita ma a haƙura da ita.

Akwai abubuwan da ko suna da kyau bai kamata a bayar ba. Ragowar magani na farko: wanda likita ya rubuta wa mutum ɗaya ba na kowa ba ne, kuma wanda zai karɓa mai yiwuwa ba ya iya karanta ranar lalacewarsa. Kayan ciki, kamfai da rigar mama da singileti da aka riga aka sa, a bar su. In da hali a sayi sababbi ko da masu araha ne a haɗa, tare da audugar mata, domin waɗannan ne abubuwan da mace ke jin nauyin roƙa kuma ba kasafai ake tunawa da su ba. Madarar gwangwani ta jarirai da tsohuwar fida kada a kai sansani. Inda ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci, suna jawo gudawa, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke hana rabon su barkatai. Duk wata riga ko wando ko hula mai zanen kakin soja a cire ta. Dokar Najeriya ta hana farar hula sawa, kuma yaron talaka da aka tare a shingen bincike da irin wannan wando ba shi da mai tsaya masa. Kayan makaranta masu baji a mayar wa makarantar, shugabanta ya san ɗaliban da iyayensu suka kasa ɗinkawa.

Kayan wuta sai an gwada. A jona fanka da dutsen guga da hita a gani, a duba wayar ko ta ɓare. Tukunyar gas a duba gindinta ko tsatsa ta ci, a shafa ruwan omo a bakinta. In ya yi kumfa tana yoyo, kuma ba a ba kowa abin da zai iya tayar da gobara. Risho a sauya masa lagwani. Tsohuwar waya a cire layi da katin ajiya, a goge komai a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, domin layin yana haɗe da lambarki ta NIN, hotunan iyalinki kuma ba na yawo ba ne. A haɗa da cajarta.

Kaya masu tsada suna bukatar tunani na daban. Leshi mai duwatsu, takalmi mai tsini, jakar biki, doguwar rigar amarya: matar da ke kwana a ajin firamare da 'ya'yanta ba ta da inda za ta sa su. Hanya biyu ce. Ko a nemi marainiyar da za a aurar a sa mata a akwati, wanda masu haɗa auren marayu a unguwa za su karɓa hannu bibbiyu, ko a ba dillaliya ta sayar, a ɗauki kuɗin a sayi barguna ko buhun masara. Leshi ɗaya yana iya zama bargunan gida guda. Babu laifi a sayar da abu don a yi sadaka da kuɗinsa, sau da yawa ma hakan ya fi.

Abin da na fi so mai karatu ya waiwaya ya duba a ɗakin ajiyarsa shi ne kayan sana'a. Keken ɗinkin da aka saya da niyyar koyo aka rufe da zani, injin taliya, injin markaɗe, firjin da aka sauya da sabo, kaskon suya, baro, keken hawa da yara suka girme shi. Riga tana rufe jiki shekara ɗaya ko biyu, keken ɗinki kuwa yana ciyar da gida. Irin waɗannan kada a jefa su cikin taron kaya. A kira mai gyara ya duba, a sa mai, a sayi abin da ya ɓace, sannan a nemi mutum ɗaya takamaimai wanda ya iya aikin ko yake koyo. Firji a ba wadda unguwarsu ke samun wuta, ta yi ƙanƙara da zoɓo. Littattafan makaranta da yara suka wuce ajinsu a kai makarantar gwamnati ta kusa a farkon zango.

Wajen ɗauri, kada a cakuɗa. Na maza daban, na mata daban, na yara a raba su gwargwadon shekaru. Jakar bakko ta fi buhu domin tana da zif kuma ita kanta abin amfani ce ga wanda zai karɓa. A liƙa takarda a jiki a rubuta abin da ke ciki da manyan baƙaƙe: “Yara mata, shekara 3 zuwa 6, kala 15.” Kada jaka ta yi nauyin da mace ɗaya ba za ta iya ɗagawa ba. Tukunya a ɗaure ta da murfinta, kula ma da murfinta, abin fashewa a naɗe shi da tsumma. Kuɗin mota kuma cikin sadakar yake. Kada a kira gidan marayu a ce su turo a ɗauki kujeru. A ɗauki a-kori-kura ko mai Adaidaita a biya shi ya kai har ƙofa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yawancinmu sai goman ƙarshe na azumi muke tunawa da fitar da kaya, lokacin da teloli ba sa ɗaga kai, wanda aka ba rigar da ta yi masa yawa ba zai sami mai rage masa ba kafin Sallah. A fitar tun cikin Sha'aban ko farkon azumi. Bayan Sallah kuma gidajen nan kan koma shiru, kamar bukata ta ƙare da watan. Damina tana son gidan sauro da tamfol da takalmin roba tun kafin ruwan Agusta. Rigunan sanyi, barguna, safa da hular sanyi kuwa a fitar da su a Oktoba ko farkon Nuwamba. Duk wanda ya taɓa fita sallar Asuba a Janairu ya ga almajirai sun kewaye wutar kara suna rawar ɗari, ya san cewa suwaita ɗaya da ta yi wa ɗansa kaɗan ba ƙaramin abu ba ce.

Ba duk mai allo da sunan gidauniya ne abin amincewa ba, wannan gaskiya ce. Akwai masu karɓar kaya su karkatar da su kasuwa. Ƙungiyar kirki tana da mazauni da za a iya zuwa, tana da rajista da hukumar CAC, gidan marayu kuma yana ƙarƙashin kulawar ma'aikatar mata ta jiha. Suna da littafin da suke rubuta abin da aka kawo, kuma ba sa jin haushi in an tambaye su yadda suke rabo. Mutanen unguwar da suke su ne shaidarsu ta gaskiya, a tambayi mai shago da limamin wurin. Amma in kin ba mabukaci da hannunki, daga baya kika ga ya sayar, kada ranki ya ɓaci. Ya zama nasa. Wataƙila ranar magani ya fi riga muhimmanci a gidansa.

Sai maganar hoto, wadda ta zama ruwan dare. A jera marayu ko zawarawa, kowa riƙe da leda, a ɗauka a watsa a Facebook da TikTok. Ban ga dalilin da zai sa a sayi mutuncin mace da tsohon zani ba. Yaron da aka ɗauka yau zai girma, hoton yana nan, abokansa za su gani. Ƙungiyar da ke bukatar shaida ga waɗanda suka ba ta gudummawa tana iya ɗaukar kayan da rasit, ba sai fuskokin mutane ba. Haka nan in maƙwabciya kika ba, ki aika da dare cikin leda marar nuna ciki, kada ki ba ta ankon da duk unguwa ta san naki ne, gara wannan ya tafi wata unguwa. In kika gan ta sanye da shi a gidan suna, kada ki ce ya yi mata kyau a gaban mutane, kada ki gaya wa kowa. Gori yana ɓata sadaka, kuma kallo ma yana iya zama gori.

Idan kin kai kaya wata cibiya, ki karɓi lambar wanda ya karɓa. Bayan 'yan makonni ki kira ki tambaye shi tsakani da Allah wanne ya yi amfani, wanne bai yi ba, me ya kamata ki kawo nan gaba. Ki faɗa wa matan gidanku da na Islamiyyarku abin da ya ce, ku haɗa hannu ku ɗauki mota ɗaya a karo na gaba.